Dalmar Rumawa da Tawadar Gwandu: Wa Zai Tattara Hatiman Ƙasar Hausa?

Hatimi kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, inda asalinta ke nufin zobe ko abin da ake rufe wasiƙa da shi. Da ta shigo Hausa sai ta yi rassa biyu. Akwai hatimin da malamai kan zana a allo ko a cikin laya, mai ɗaki-ɗaki da haruffa da lambobi, akwai kuma hatimin sarki ko na alƙali, wanda ake shafa wa tawada a danna a kan takarda domin duk wanda ya gani ya san daga inda magana ta fito. Reshen farko ba ya rasa masu tambaya, domin ɗalibai da dama sun rubuta kundayensu a kan tsibbu da magungunan gargajiya. Reshe na biyu shi ne maraya, shi ne kuma abin da wannan maƙala ta dosa. Ra'ayin da take ɗauke da shi ɗaya ne: tattara hatiman sarakuna da alƙalai da hakimai da dagatai na ƙasar Hausa aiki ne da ya hau kan sassan Hausa na jami'o'i, kuma aiki ne da ba ya jiran gobe. Sai dai kafin a zo gida, ya kamata a leƙa wata ƙasa mai nisa inda aka riga aka yi irin wannan aiki, a ga abin da ya haifar, watau daular Rum ta Gabas, wadda Turawa ke kira Bizantiya.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne haɗin kifi da kaska? Haɗin ya daɗe. Malaman hadisi, cikinsu har da Imamu Buhari, sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar aika wa Rumawa wasiƙa, sai aka shaida masa cewa mutanen nan ba su karanta wasiƙar da ba ta da hatimi. Saboda haka ya sa aka ƙera masa zoben azurfa, aka zana sunansa da manzancinsa a jikinsa cikin layi uku. Sarkin Rum na wannan zamani shi ne Hiraƙlu, wanda ya yi mulki daga 610 zuwa 641, wasiƙar kuwa ta tafi wajen shekarar 628. Zoben ya zauna a hannun Sayyidina Abubakar, sa'an nan Umar, sa'an nan Usman, kafin ya faɗa rijiyar Aris a Madina. Al'adar buga hatimi ta girmi Rumawa da nisa, domin mutanen Masar da na Iraƙi sun san ta dubban shekaru kafin su, amma shigarta cikin wasiƙun Musulunci ta ƙofar Rumawa ta bi. Ashe ke nan hatimin da ke kan wasiƙar Sarkin Gwandu da wanda ke rataye a wasiƙar limamin cocin Rum suna da dangantaka, ko da yake masu su ba su taɓa jin labarin juna ba.

Daular Rum ta Gabas ta yi fiye da shekara dubu, daga 330 da aka buɗe babban birninta Kustantiniyya, wanda ake kira Istanbul a yau, zuwa 1453 da Sarki Muhammadu na Biyu na Turkawa ya ci birnin. A mafi yawan zamaninta, harshen mulkinta da na addininta Girkanci ne. Sarkinsu kan rataya hatimin zinariya a manyan takardu, ana amfani da kakin zuma a ƙananan saƙonni, amma abin da ma'aikatan gwamnati da hafsoshin yaƙi da manyan limaman coci suka fi amfani da shi dalma ce. Maƙeri kan zuba narkakkiyar dalma a mazubi, ta fito a kewaye kamar kwabo, faɗin mafi yawansu bai wuce santimita biyu zuwa uku ba. Kowace tana da kafa, amma ba irin hudar tsohon kwabo da ke tsakiyar fuska ba, kafa ce da ta ratsa cikin dalmar daga wannan gefe zuwa wancan. In an gama rubuta wasiƙa an naɗe, sai a ɗaure ta da zare, a zura bakin zaren cikin kafar, a sa dalmar a bakin wani ƙarfe mai kama da awartakin maƙera, wanda aka riga aka sassaƙa zane a haƙoransa biyu, a sauke masa guduma. Bugun nan guda yana aiki biyu: ya matse zaren yadda ba mai buɗe wasiƙa sai ya tsinka shi, ya kuma bar zane a fuskokin dalmar duka biyu.

Na bishop-bishop, watau manyan limaman da ke shugabantar cocin gari da kewayensa, su suka fi dacewa da wannan bayani. A fuska ɗaya akan sa hoton Nana Maryamu ko na wani waliyyinsu, kuma sau da yawa waliyyin garin ne: Dimitiriyos ga mutanen Tasalonika, Nikolas ga mutanen Mira, Yahaya ga mutanen Afisa. A ɗaya fuskar akan rubuta addu'a gajeruwa, ta neman Ubangiji ya taimaki bawansa, ko ta neman taimakon Nana Maryamu bisa ga aƙidarsu, sa'an nan sunan mai hatimi, da muƙaminsa, da sunan garin da yake limanci. Wasunsu kan ƙara kalmar da ke nufin mafi ƙanƙanta, don nuna tawali'u, kamar dai yadda malamin Hausa kan kira kansa faƙiri mai bukatar rahamar Ubangijinsa a ƙarshen littafi. A zamanin rigimar da suka yi kan halascin hotuna a ibada, wadda ta tashi a ƙarni na 8, ta lafa a 787, ta sake tashi a 815, ba ta mutu ba sai a 843, hotuna sun ja baya, aka fi amfani da haruffan addu'ar a harhaɗe cikin siffar gicciye. Daga ƙarni na 11 kuwa sai yayi ya koma ga waƙa: mai hatimi ya sa a tsara masa baiti ɗaya ko biyu, kowane layi mai gaɓa goma sha biyu, wani lokaci hatimin ne da kansa ke magana yana faɗin wanda yake yi wa aiki. Ɗaliban da ke fama da ƙidayar gaɓoɓi a darasin karin waƙa sai su kwantar da hankalinsu, wahalar ba a kansu aka fara ba.

Abin da ya faru da waɗannan wasiƙu shi ne abin lura. Yaƙe-yaƙe da gobara da sauyin dauloli sun cinye kusan dukkan ɗakunan ajiyar takardun Rumawa, in ban da 'yan wurare irin gidajen ibadar da ke kan Dutsen Atos da tsibirin Batmos, inda har yanzu akwai takardu da hatimansu a rataye. Takarda ta ruɓe, zare ya ruɓe, dalma ta ƙi ruɓewa. An ƙiyasta cewa kimanin 80,000 ne suka tsira, da yawansu daga ƙasar Istanbul da bakin tekunta aka tsinto su. Cibiyar Dumbarton Oaks da ke birnin Washington a Amurka kaɗai tana riƙe da kimanin 17,000. Wani Bafaranshe, Gustave Schlumberger, shi ya kafa harsashin nazarinsu da babban littafinsa na 1884. Bayansa Vitalien Laurent ya keɓe juzu'i sukutum ga hatiman coci, wanda sassansa suka fito tsakanin 1963 da 1972, daga 1991 kuma John Nesbitt da Nicolas Oikonomides suka fara fitar da na Dumbarton Oaks lardi-lardi.

Me aka samu daga wannan wahala? Manyan mutane irin su Fotiyos, shugaban cocin Kustantiniyya a ƙarni na 9, ko Mika'ilu Koniyatis, wanda ya riƙe cocin Atina daga 1182 har zuwa cin birnin a farkon ƙarni na 13, ko ba hatimi an san su, domin sun bar littattafai kuma marubuta tarihi sun ambace su. Inda dalma ta yi rana shi ne wajen ƙananan mutane na ƙananan garuruwa. Akwai bishop-bishop masu yawa waɗanda babu inda sunansu ya rage a duniya sai a kan ɗan wannan kwabon dalma. Ta hanyarsa ne aka san cewa gari kaza yana da limami a ƙarni kaza, cewa an ɗaga darajar wannan coci an sauke ta wancan, cewa wani gari a Anatoliya yana nan da ransa a lokacin da littattafan tarihi suka yi shiru da shi. Har kurakuran maƙera sun zama ilimi. Girkanci yana da haruffa da dama waɗanda a dā furucinsu ya bambanta, amma a zamanin Rumawa duk suka koma ana furta su da wasalin i, saboda haka mai sassaƙa kan sa wannan a gurbin wancan, masana harshe kuwa suka riƙi kuskurensa shaida a kan yadda mutane ke magana a lokacin. Duk wannan kuwa an yi shi ne da abin da mafi yawansa ba ya ɗauke da kwanan wata, sai da aka jera dubbai aka gwama siffar haruffa da salon addu'a kafin a iya cewa wannan na ƙarni na 9 ne, wancan na ƙarni na 11.

To, a dawo gida. Daular Usmaniyya daula ce ta wasiƙa. Tun daga rabon ayyukan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi a 1812, wanda ya bar gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma kuma a hannun ƙanensa Abdullahi, manzanni ba su daina kai da komowa ba tsakanin Sakkwato da Gwandu da masarautun da ke ƙarƙashinsu. Daga Gwandu ake aika wa Nufe da Ilori da Yawuri da Liptako umarni, daga can kuma amsa ke dawowa tare da gaisuwa. Wasiƙun da Larabci ake rubuta su, bisa tsari sananne: a fara da sunan Allah da salati, a ce daga wane zuwa ga wane, a yi gaisuwa, a ce bayan haka, a faɗi bukata a taƙaice, a rufe da sallama, sauran bayani kuwa yana bakin manzo. Wasiƙun Sarkin Musulmi kan ɗauki hatimi a samansu, haka nan na Shehunan Barno a Kukawa. Galibin wasiƙun nan ba su da kwanan wata, watau matsalar da masu nazarin dalmar Rumawa suka fuskanta ita ce ke jiran mai nazarinsu. Bambancin da ke tsakani, wanda shi ne dalilin rubuta wannan maƙala, shi ne cewa hatimin ƙasar Hausa ba dalma ba ne, tawada ce a kan takarda. Rumawa sun rasa wasiƙa sun tsira da hatimi. A ƙasar Hausa ran da gara ta ci wasiƙa, ta ci hatimi tare da ita, kuma babu manomin da zai tono shi da fartanya bayan shekara ɗari tara.

Ƙasar da ke tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, wadda dukkanta ke cikin masarautar Gwandu a Jihar Kebbi, ta isa misali. A nan Gimbana take, garin Malam Abdussalami, wanda harin da Gobirawa suka kai masa a ƙarshen 1803 ya zama ɗaya daga cikin musabbaban hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Sa'ad da Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Bello a Kware a 1817, wasiƙu sun gudana tsakaninsu, kuma an san abin da suka ƙunsa ne saboda Bello ya kawo su cikin littafinsa Sardul Kalami. Wannan abin godiya ne, amma kwafi ne da ya fito daga hannun ɓangare ɗaya na masu jayayya. Ɗan Abdussalami, Buhari, shi ya kafa Jega wajen 1820 bayan ya yi mubaya'a ga Gwandu, garin kuwa ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular a ƙarni na 19. Garin da ke da irin wannan kasuwa, da fatake, da alƙali mai raba gardamar bashi da gado, ba ya rasa takardu. Sa'ad da Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853, Sarki Halilu bai yarda sun yi ido biyu ba, amma ya ba shi takardar kariya da ya riƙe a tafiyarsa zuwa Tambutu, kuma a Gwandu ɗin ne ya sami kwafin Tarihin Sudan ya kwafi abin da ya iya. Baƙo na 'yan kwanaki ya ga darajar abin da ke cikin gafakar malaman wurin.

Akwai wani abu game da sarautar Jega da zai nuna amfanin hatimi a fili. Hakimin Jega Sarkin Kabi ake ce masa. Hakimin Yabo, a Jihar Sakkwato, shi ma Sarkin Kabi ne. Sarkin Argungu kuwa, magajin gidan Kanta, wanda kakanninsa suka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato a ƙarni na 19, shi ne Sarkin Kabi na asali. In mai bincike ya ci karo da wasiƙa marar kwanan wata wadda ta ambaci Amirin Kabi, wanne ake nufi daga cikin ukun nan? Amsar tana iya juya ma'anar wasiƙar gaba ɗaya, daga saƙon bara zuwa ga ubangidansa ta koma saƙon abokin gaba. Sunan da ke cikin hatimi, ko hannun magatakardan da aka riga aka sani daga wata wasiƙa mai hatimi, shi ke raba irin wannan gardama.

Kada a ɗauka wannan duk wasan masana ne. A 1885 Joseph Thomson ya zo Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin Ingilishi da daga baya ya zama Royal Niger Company, ya koma da takardun da kamfanin ya ce sarakunan biyu sun amince da su. A 1895 Jamusawa, ƙarƙashin Hans Gruner, suka iso Gwandu daga Togo, su ma suka koma da tasu takardar. Da irin waɗannan takardu aka yi ta cinikin ƙasar Hausa a biranen Turai. Wadda ta fi su duka nauyi ita ce wasiƙar da Lugard ya ce ya karɓa a watan Mayu na 1902 daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, wadda ya fassara a matsayin shelar yaƙi, ya kuma kafa hujja da ita wajen kai wa Kano da Sakkwato hari a 1903. A 1964 D. J. M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya tayar da shakka a kanta, domin fassarar Turanci kaɗai ake da ita, ba a ga asalin Larabcin ba. Da asalin yana nan, abin da za a fara dubawa shi ne hatimin da ke kansa, a gwama shi da na sauran wasiƙun Abdurrahman. Rashin takarda guda ya bar tambaya a buɗe game da dalilin da aka bayar na rushe daula.

Gaskiya ne an yi wani abu. Bayan faɗuwar Sakkwato ran 15 ga Maris 1903 an sami tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, H. F. Backwell ya fassara wasunsu ya buga a 1927. A 1959 A. D. H. Bivar ya buga nazari a kan takardun mulki na Larabci na Arewacin Nijeriya, inda ya kula da tsarinsu da hatimansu. Murray Last ya dogara ƙwarai ga takardun gidan Waziri Junaidu wajen rubuta littafinsa na 1967. Akwai ajiya a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Amma duk wannan na manya ne, su Fotiyos na ƙasar Hausa, waɗanda ko ba hatimi ba za a manta da su ba. Darasin dalmar Rumawa shi ne cewa ribar tana wajen ƙanana.

Ƙanana su ne garuruwa irin Fagada da maƙwabtanta. A irin waɗannan wurare abin da za a nema ba lalle ne ya kai zamanin jihadi ba. Akwai takardar naɗin dagaci, da takardar rabon gado da alƙali ya buga wa hatimi, da takardar cinikin gona ko jinginar fadama, da rasiɗin haraji da na jangali na zamanin En'e, da hatimin tagulla ko na roba da ke kwance a ƙasan adaka tun mutuwar mai shi. A 1968 kotunan alƙalai suka fita daga hannun En'e suka koma hannun gwamnatocin jihohi, a 1976 aka soke En'e ɗin kanta aka kafa ƙananan hukumomi, a 1991 aka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya kashe wasu hatimai ya haifi wasu, saboda haka hatimin da ke kan takarda marar kwanan wata yana iya faɗin zamaninta. Wanda ya taɓa zama a kotu ranar shari'ar gona ya san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Takarda kan fito daga aljihu, an ce kakan wane ya sayar wa kakan wane, shaidu duk sun riga mu gidan gaskiya, alƙali kuwa ba shi da wani littafi da zai buɗe ya ga ko hatimin da ke kanta ya taɓa wanzuwa a zamanin da ake faɗa.

Hujjar da aka fi kawowa don kauce wa wannan aiki ita ce, wai rubutun Larabci ne, saboda haka na sashen Larabci ne, ko kuma tarihi ne, saboda haka na sashen Tarihi ne. Da wannan turanniya ne aikin ya faɗa tsakanin ƙofofi uku, kowa na jiran maƙwabcinsa. Amsar ita ce, addu'ar da ke cikin hatimi Larabci ce, amma abin da ake nema a cikinsa, watau suna da sarauta da gari, Hausa ne sanye da rigar Larabci. Magatakardan da ya zauna zai rubuta Gwandu ko Jega ko Tsafe da haruffan da ba a yi su don sautin g ko ts ko gw ba, dole ya yi dabara, dabararsa kuwa wani babi ce a tarihin ajami. A littattafan Larabci na ƙasar nan Katsina Kashina ce, Zazzau Zakzak ce, kuma waɗannan siffofi suna adana tsohon furuci ko tsohuwar al'adar rubutu da bakin mutane ya riga ya bari. Yaushe ne magatakarda ke fassara Sarki ya ce Amir ko Sultan, yaushe ne kuma yake barin Marafa da Magaji da Ubandawaki yadda suke? Yaushe boko ya fara kutsawa cikin hatimin dagaci, kuma da wane harshe, Hausa ko Turanci? Waɗannan tambayoyi ne na nazarin harshe da na al'ada, kuma ba wanda aka horar don amsa su kamar ɗalibin Hausa. Abin kunya ne ɗalibi ya kammala digiri a wannan fanni bai iya karanta layi uku na ajami a cikin da'irar da ba ta kai tafin hannu ba, kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, ya kamata kuma a saurare ta. Gidajen sarauta da na malamai ba su sakin jiki da masu bincike, kuma suna da dalili. An sha karɓar littafi da sunan aro ba a mayar ba. Takardar naɗi ko ta gado makami ce a rigimar sarauta da ta gona, mai ita yana tsoron ta faɗa hannun abokin hamayya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma wannan hujja ce a kan yadda za a yi aikin, ba a kan barinsa ba. A yau ba a bukatar ɗauke komai daga gidan kowa. Wayar salular da ke aljihun ɗalibi ta isa ta ɗauki hoto, a ajiye ma'auni a gefen hatimin don a san girmansa, a bar wa mai gida takardarsa tare da kwafin hoton. In abin da ke cikin takarda sirri ne, a rufe shi a ɗauki hatimin kaɗai. Ɗan gari kuma, wanda aka san ubansa da kakansa, zai shiga zauren da farfesa daga Kaduna ko London ba zai wuce ƙofarsa ba. Wannan ita ce fa'idar da ɗaliban ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ke da ita, ga kuma jami'a a Aliero tun 2006, ga wata a Birnin Kebbi, ga ta Sakkwato ba nisa.

An riga an gwada cewa hatimin da ke kan takarda yana tattaruwa. Annabel Teh Gallop, ta Ɗakin Karatu na Biritaniya, ta shafe shekaru tana bin wasiƙun sarakunan Musulmi na ƙasashen Malesiya da Indunisiya da maƙwabtansu, a 2019 ta fitar da littafi mai ɗauke da hatimai 2,168, mafi yawansu daga alamar da suka bari a kan wasiƙu aka samo su, ba daga ƙarfen kansa ba. Tsarin da ta bi, wanda bai yi nisa da na Laurent ba, shi ne abin koyi: hoto, da girma, da siffa, da rubutun yadda yake ba tare da gyaran kuskure ba, da fassara, da bayanin mai hatimi, da inda takardar take. Ga na ƙasar Hausa sai a ƙara abu guda, a ɗaga takardar a rana a duba tambarin da ke cikin jikinta. Yawancin takardun da aka yi rubutu da su a ƙarni na 19 daga Italiya suka zo ta Tarabulus da Masar, masu alamar jinjirin wata uku, da yawa daga masana'antar gidan Galvani, kuma wannan alama tana taimakawa wajen ƙiyasta shekarun wasiƙa.

Ba a bukatar kuɗi masu yawa kafin a fara. Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe kan nemi batun kundin digiri, kuma kowace shekara akan sake maimaita bukukuwan aure a gari kaza da wasannin yara a gari kaza, har malamai sun haddace babi na biyu. Da sashe zai ware ɗalibai biyar a shekara, ya ba kowannensu gunduma guda da takardar tsari iri ɗaya, ya haɗa su da malami guda daga sashen Larabci don duba karatunsu, ya kuma ajiye hotunan wuri guda da lamba, da cikin shekara goma an sami abin da za a fara gwamawa. Sai an tara da yawa kafin ɗaya ya yi magana, kamar yadda ya faru ga dalmar Rumawa. Bambancin shi ne Schlumberger ya zo bayan faɗuwar Kustantiniyya da shekara fiye da ɗari huɗu, ya tarar dalma na jiransa. Ambaliyar da ta auka wa Jihar Kebbi a daminar 2020 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a garuruwan bakin gulbi, kuma a irin waɗannan ɗakuna ne adakar takardu ke zama, a ƙasa, ƙarƙashin gado.